Littattafan Tarihin Soja: Na Kanada da Namu

A wani gida a unguwar GRA ta Katsina, inda na sauka hutun bara, na tarar da akwatin tsofaffin littattafai da wani hafsa ya bari. A ciki akwai Six Years of War na Kanar C. P. Stacey, wanda ya fito a 1955, da The Victory Campaign na 1960, da kuma littafin G. W. L. Nicholson na 1962 a kan rundunar Kanada a Yaƙin Duniya na Farko. Gwamnatin Kanada ce ta sa aka rubuta su. Stacey kuwa malamin tarihi ne da aka sa wa kayan soja, aka buɗe masa takardun rundunar tun ana cikin yaƙi. Wannan shi ya sa mutum zai iya bin bataliya guda daga ranar da ta bar gida har ranar da ta komo.

Da na gama duba su sai na tambayi kaina, ina namu?

Ba a rasa ba. Rundunar da Lugga ya kafa a 1897 ta sami tarihinta a 1964, daga hannun Kanar Haywood da Birgediya Clarke. Littafi ne mai amfani ƙwarai wajen kwanan wata da sunayen wurare, amma fa tarihin hafsoshi ne. Baturen da ya ji rauni akan faɗi sunansa, sojan ƙasa kuwa sau da yawa sai a cikin lissafi. S. C. Ukpabi ya gyara wani abu a littafinsa da Kamfanin Gaskiya na Zariya ya buga a 1987, sai dai ya tsaya a 1914. A ganina wanda ya fi su duka shi ne War Bush na John Hamilton, na 2001, domin marubucin ya taka kwarin Kaladan da ƙafarsa tare da Runduna ta 81, ya kuma rubuta da ɓacin ran ganin yadda tarihin Ingila ya tsallake su. A nan ne mai karatu zai ga yadda ta haɗu da Runduna ta 82 aka ci Myohaung a Janairun 1945. David Killingray kuma, a Fighting for Britain na 2010, ya yi ƙoƙarin jin ta bakin sojojin da kansu.

To, duk waɗannan da Turanci suke, alhali kuwa da Hausa aka yi wa Rundunar Nijeriya fareti, ko da yake da yawa daga cikinsu ba Hausawa ba ne. A bariki ne Barikanci ya yi ƙarfi, watau Hausar da ta zubar da bambancin namiji da tamace, ta kuma sauƙaƙa lokutan aikatau. Ta nan muka sami kurtu da kofur da saja da samanja. Mai nazarin harshe da bai san tarihin soja ba, ba zai iya faɗin lokacin da waɗannan kalmomi suka shigo ba, balle ta bakin wa. Marubutan can kuwa ba su iya karanta abin da ke hannunmu ba. Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara a 1939 Abubakar Imam na edita, ta riƙa kawo labarin yaƙin da Hausa, Sa'adu Zungur kuma ya yi waƙar Maraba da Soja. Har wa yau Sarkin Katsina Usman Nagogo ya je ya gano sojojinmu a fagen Bama, ɗansa Hassan kuma ya zama Gwamnan soja na Arewa a 1966. Wannan gari ba baƙon zancen ba ne.

Abin da ya fi damuna shi ne lokaci. Wanda ya tafi Bama yana ɗan shekara 18 a 1943, in yana raye ya kai ɗari. Saura 'ya'yansu, da takardun sallama da lambobin da ke ƙasan adaka, waɗanda akan zubar in an zo rabon gado. Ina roƙon malaman kwalejojin horon malamai su sa kowane ɗalibi ya nemi gida guda na 'yan Bama a garinsu, ya rubuta abin da aka gaya masa da lafazin mai faɗa, kada ya gyara masa Hausa, sa'an nan ya kwafo lambar soja da sunan bataliya daga takardar sallama.