Bangaskiya da Albarka: Daga Birnin Kano Zuwa Gimi

Kalmar albarka ba baƙuwa ba ce a cikin birnin Kano. A unguwar Kabara, kusa da gidan Sarki, nan ne cibiyar ɗarikar Ƙadiriyya, gidan Shehu Nasiru Kabara wanda ya rasu a 1996. Kowace shekara dubban mutane sukan fito maukibi domin neman albarka. Mu ma da Kirsimeti kalmar nan ce a bakinmu. Saboda haka ya wajaba mai hidima ya san abin da yake nufi in ya faɗe ta a kan bagade. Tarihin birnin nan zai taimake mu.

A tsakiyar ƙarni na 19 an yi wani malami a Kano, Malam Ibrahim. Cikin karatun Alƙur'ani ya lura da girman da aka ba Annabi Isa, ya shiga koyar da almajiransa su jira dawowarsa. Aka kira su Isawa. Hukumar birni ta nemi ya janye, ya ƙi, aka kashe shi a Kasuwar Kurmi, wadda ba ta da nisa da Kabara. Almajiransa suka watsu, waɗansu suka nufi duwatsun Ningi. Ba su da Linjila a hannu, ba su da ikkilisiya. Abin da suka riƙe shi ne jira.

A 1900 Bishop Tugwell da Likita Mila na mishan ɗin CMS suka iso Kano, Sarki Alu ya sallame su. Ko bayan da Turawa suka ci Kano a 1903, ba a yarda a yi aikin bishara cikin ganuwa ba. Shi ya sa har yau yawancin sujadar Kirsimeti a Sabon Gari da sauran unguwannin waje ake yi. Mila kuwa ya zauna a Zariya.

A 1913 waɗansu daga zuriyar Isawa suka same shi a can, suka ji bishara, da yawa suka karɓi baftisma. Aka kafa musu ƙauye a Gimi, suka yi gonaki da makaranta da ɗakin sujada. Kowa ya ce albarka ta sauka. Sai ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke kawowa, ya faɗa wa garin. Mutane suka yi ta mutuwa, kafin shekara goma Gimi ta zama kufai.

To, ina albarkar? In ma'auninmu lafiya ne da dukiya, dole mu ce bangaskiyarsu ta ci amanarsu. Amma labarin haihuwar Yesu bai ba mu wannan ma'auni ba. A Luka 1:45 Alisabatu ta kira Maryamu mai albarka ne domin ta gaskata alkawarin Ubangiji, tun bai cika ba. Bayan haka ta haihu a inda babu masauki, ta miƙa hadayar matalauta a Haikali, aka faɗa mata baƙin cikin da ke gabanta, ta yi gudun hijira zuwa Masar. Duk wannan bai soke albarkar ba, gama albarkar ita ce Almasihu kansa.

Waɗanda suka tsira daga Gimi suka koma Zariya, daga baya suka shiga jama'ar Wusasa, inda mishan ta ƙaura a 1929. Daga zuriyar Isawa aka sami Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. A 1932 Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa. Waɗanda aka binne a Gimi ba su ga ko ɗaya ba, amma ba za mu ce sun fi 'ya'yansu ƙarancin albarka ba.

A ranar Kirsimeti akwai mai sabon ɗinki a gabanmu, akwai gwauruwar da ba ta ɗora tukunya ba. In muka yi wa'azi cewa bangaskiya tana sayen arziki, mun sallami gwauruwar da laifin da ba nata ba. Mu gaya wa dukansu cewa Allah yana tare da mu, sa'an nan ikkilisiya ta kai mata shinkafa da nama kafin rana ta faɗi.