Shigar Burtu: Tarihin Mutum Cikin Siffar Dabba, Daga Dajin Zamfara Zuwa Wagadugu da Amurka

Duk mai bibiyar labaran tsaro daga yammacin Zamfara ya saba cin karo da kalmomin nan biyu, "shigar burtu". Idan 'yan bindiga suka sanya hijabi ko kakin soja domin su shammaci wani ƙauye a ƙasar Anka, Gummi ko Bukkuyum, da su ake ba da labarin. Sai dai kaɗan ne daga cikin matasan da ke furta su suka taɓa ganin burtu da idonsu, balle maharbin da ke ɗaura kansa a goshi. Al'adar da ta haifi wannan magana tsohuwa ce, tana da rassa a farauta da tatsuniya da wasannin azumi, kuma wani reshenta ya yi tafiya har Burkina Faso. A can Amurka ma akwai dubban mutane da ke taruwa duk shekara cikin rigunan dabbobi, waɗanda bidiyoyinsu ke faɗowa wayoyin mutanenmu ba tare da bayani ba.

Burtu da maharbinsa

Burtu babban tsuntsu ne baƙi, tsawonsa ya kai kimanin mita guda, mai dogon baki da wani tudu a samansa kamar hula. Namijin yana da ja da shuɗi a maƙogwaro, macen kuwa shuɗi kawai. Fararen fuka-fukansa ba sa bayyana sai ya tashi, kuma bai cika tashi ba. Yini yake yana takawa a fili, galibi shi da matarsa, yana tsintar fara da ƙadangaru da ƙananan macizai. Tun 2018 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sanya shi cikin tsuntsayen da ke fuskantar barazanar raguwa.

Wannan tafiya tasa ta ƙasa ita maharba suka lura da ita. Barewa da gada da sauran namun dawa sun saba kiwo burtu na yawo a tsakaninsu, ba sa razana da shi. Sai maharbi ya sassaƙa itace mai siffar wuyan tsuntsun, ya haɗa shi da ainihin bakin burtu ko wanda aka sassaƙa, ya lulluɓe da fata, wani lokaci ya manna jajayen 'ya'yan idon zakara domin ado. A gindin itacen akwai maɗauri na fata da ake zagaya kai da shi, yadda wuyan zai miƙe daga goshi. Maharbin ya rufa da baƙin zane, ya durƙusa cikin ciyawa, yana rarrafe yana kaɗa kai kamar mai tsintar ƙwari, har ya kai inda kibiyarsa ko bindigarsa za ta cim ma nama.

Kayan shigar rabin aikin ne kawai. Dole maharbi ya san inda iska ke kaɗawa, domin hancin barewa ba ya ruɗuwa da abin da ya ruɗi idonta. Dole kuma ya san takun tsuntsun, da lokacin da yake tsayawa ya ɗaga kai. Wanda bai ɓata kwanaki yana kallon burtu ba, ba zai iya zama burtu ba. Shi ya sa wannan dabara ta maharbi ce mai shiga daji shi kaɗai, ba ta 'yan farautar rani ba, masu fita a ayari da karnuka da ganguna da ihu.

Daga nan Bahaushe ya ɗauki maganar ya shimfiɗa ta a kan duk wanda ya ɓoye kamanninsa domin ya kusanci abin da yake nufi da cuta. Wannan ma'ana ta yaudara ita ta rage a bakin jama'a, gwanintar kuwa an manta da ita.

Dabbobi masu magana

Kafin a zo ga sanya fata, Bahaushe ya daɗe da sanya wa dabba halin mutum. A tatsuniya zaki sarki ne, dila malamin daji, kura uwar kwaɗayi da tsoro, Gizo kuwa maƙaryaci mai tsamin baki wanda Ƙoƙi ke fama da shi. Frank Edgar ya tattara ɗaruruwan irin waɗannan labarai cikin littattafai uku na "Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa" tsakanin 1911 da 1913. A ƙarshen shekarun 1930 Abubakar Imam ya ɗora dukkan ginin "Magana Jari Ce" a kan aku, tsuntsun da fasahar bakinsa ta kai shi ga sarautar waziri, kuma babu ɗalibin da ya taɓa ganin abin a matsayin baƙon tunani.

Bori daban yake, kuma bai kamata a cakuɗa shi da wasa ba. A can ana kiran wanda iska ta hau doki, mace kuma goɗiya, akwai kuma iska mai suna Kure da ake dangantawa da kura. Masu bori ba su ɗauki abin a matsayin kwaikwayo ba, malamai kuwa sun daɗe da yin hani da shi. Gardawa su ma gefe suke. Su ba sa shigar dabba, dabbar suke ja da sarƙa: kura da gwaggon biri da mesa, suna zaga kasuwanni suna sayar da magani. Hotunan da Pieter Hugo, ɗan Afirka ta Kudu, ya ɗauke su daga 2005 ne suka sa duniya ta san da su.

Tashe

Inda yaron Bahaushe ke samun izinin zama wani abu daban shi ne tashe. Ana fara shi idan azumi ya kwana goma, da dare bayan an sha ruwa. Masana da dama na danganta sunan da tashin mutane domin sahur. Yara maza da mata kan kasu ƙungiya-ƙungiya, suna bin gidaje suna wasa, a ba su hatsi ko kuɗi. Kayan aikin duk na gida ne: auduga ta zama gemu, gawayi da toka su sauya fuska, tsumma ya zama tumbi, buzu ya rufe kafaɗa.

Abin lura shi ne, mafi yawan abin da ake kwaikwayo a tashe mutane ne. Jatau mai magani boka ne mai kurin saiwoyinsa. Akwai malamin da ake zargi da taka rawa, da tsoho mai gemu, da ma'auratan da 'yan mata ke kwaikwayon zamansu. A birnin Kano akwai Nalako, shugaban tashen gwagware, wanda ke farautar mazan da aurensu ya mutu a ɗaura musu igiya a zaga gari da su. Dabba takan shigo ne ta gefe, kamar a wasan Danda dokin kara, inda ake haɗa doki da karan dawa yaro ya shiga ciki yana sukuwa.

A ganina wannan ba haɗari ba ne. Ƙasar da malamanta ke ƙyamar sassaƙa siffar abu mai rai ba za ta haifi masassaƙan fuskokin dabbobi ba. Tashe ya rayu ne saboda ya tsaya a kan auduga da gawayi, abubuwan da ake wankewa kafin sallar asuba, kuma saboda dariyarsa tana ɗauke da gyaran hali.

Dodon Wagadugu

Da wasan ya bar gida sai ya sauya kama. A ƙarni na 19 fatake Hausawa da suka zauna a Wagadugu, babban birnin Mossi, sun tafi da wasansu na watan azumi, aka san shi a can da sunan Dodo, kalmar da kowane yaron Bahaushe ya sani daga tatsuniya. Unguwar da aka fi dangantawa da Hausawan ita ce Zangouettin, wadda sunanta ya fito daga zango. An rushe ta a 2003 domin aikin sabunta tsakiyar birnin.

Labarin da 'yan wasan ke bayarwa na wani maharbi ne da ya keta hani ya fita farauta a ranar da bai kamata ba, sai aka mayar da shi wata halitta mai wutsiya, tsakanin mutum da dabba. A wasan, samari kan sanya fuskokin dabbobin dawa da suka haɗa da ƙwarya da sauran abin da hannu ya samu, su shafa jiki da farar ƙasa, su ɗaura kacau-kacau a ƙafa, suna rawa da sanduna, maharbi na zagaya su da kwari da baka. 'Ya'yan Mossi sun karɓi wasan ya zama nasu, har ya kai ana shirya gasa tsakanin unguwanni. Priscilla Baird Hinckley ta yi nazarinsa a mujallar "African Arts" a 1986.

Burkina Faso ƙasa ce da ƙabilu irin su Bwa da Nuna da Mossi kansu suka shahara da sassaƙa fuskoki. Wasan Hausa ya tarar da ƙasa mai taki, dabbobin da ke raɓe a gefen tashe suka dawo tsakiyar fage.

Masu rigar gashi a Amurka

Mutanen da ake gani a TikTok cikin rigar kerkeci ko yanyawa mai launin shuɗi ko kore suna kiran kansu "furry", kalmar Turanci da ke nufin mai gashi a jiki. Ba su da alaƙar tarihi da tashe ko Dodo. Sun tsiro ne a farkon shekarun 1980 daga cikin masu sha'awar zanen barkwanci da ƙagaggun labaran kimiyya, waɗanda abin da ya haɗa su shi ne son dabbobi masu tafiya da magana irin ta mutane. Taronsu na farko, ConFurence, an yi shi a Janairun 1989 a Costa Mesa ta jihar Kalifoniya, da mutum 65 kacal. Anthrocon, wanda aka fara a 1997 kuma ya koma birnin Pittsburgh tun 2006, ya tara sama da mutum 17,000 a 2024. Turai na da nata, Eurofurence, wanda aka fara a 1995, yanzu a Jamus ake yin sa.

Wanda ya je irin wannan taro karon farko, abin da zai fara ba shi mamaki shi ne yawancin mahalarta cikin tufafinsu na yau da kullum suke. Binciken ƙungiyar masana ta Furscience ya nuna waɗanda suka mallaki cikakkiyar rigar tsiraru ne, domin ɗinkin hannu ce, kuma kuɗinta kan kai dubban daloli. Abin da kusan kowa yake da shi shi ne dabbar da ya zaɓa ta wakilce shi, da sunanta da zanenta a rataye a ƙirji. Kafin a ba shi katin shiga sai ya nuna shaidar gwamnati mai hoto. A ciki akwai kasuwar masu zane, da laccoci, da gasar rawa, da jerin gwanon masu riguna, kuma ana tara kuɗi domin gidajen kula da dabbobi.

Rigar kanta wahala ce. Akwai zafi ƙwarai a cikinta, mai ita ba ya ganin gefensa sosai, shi ya sa sau da yawa wani ke rakiyarsa yana nuna masa matakala yana ba shi ruwa. Ana ware ɗaki mai fankoki inda suke cire kawunan su huta, kuma an hana ɗaukar hoto a wurin. Ba a taɓa mai riga ko a rungume shi sai da izininsa. Tsofaffin mahalarta kan gargaɗi sababbi da wata ƙa'ida mai lamba 6-2-1: barcin awa shida, cin abinci sau biyu, wanka sau ɗaya a kowace rana. Al'ummar da sai ta rubuta wa 'ya'yanta dokar wanka, da alama ta ɗanɗana kuɗarta.

Akwai ɓangaren wannan al'ada da ya ƙunshi zane-zanen batsa, wanda manyan tarukan ke keɓewa ga manya, kuma shi ne ya fi jawo musu suka har a cikin Amurka. Akwai kuma ƙarya tsagwaronta. A 2022 'yan siyasar Amurka da dama sun yi ta yaɗa cewa makarantu na ajiye kwandon yashin kyanwa domin ɗaliban da suka ɗauki kansu dabbobi. Gidan talabijin na NBC ya bi diddigi, hukumomin makarantun da aka ambata duk suka ƙaryata. Shi kuwa ɗan Japan ɗin nan da ake kira Toco, wanda ya kashe kimanin yen miliyan 2 aka ɗinka masa rigar kare a shekarar, sha'awarsa ce ta kansa. A Disambar 2014 kuma an saki iskar kulorin a otal ɗin da ake taron Midwest FurFest kusa da Chicago, aka kai mutum 19 asibiti.

Halin da ake ciki a gida

Shigar burtu tana buƙatar daji, tashe yana buƙatar dare, kuma duka biyun sun yi wa talakan yammacin Zamfara wuya. Dazuzzukan da ke kewaye da Gulbin Zamfara, inda maharbi zai yi kwanton barewa, yanzu maɓoyar masu ɗauke da manyan bindigogi ce. A farkon Janairun 2022 an kai hare-hare kan ƙauyukan Anka da Bukkuyum, gwamnatin jiha ta ce mutum 58 aka kashe, mazauna yankin suka ce sun kai 200. Uban da ya ga irin wannan ba zai saki ɗansa ya bi lungu da gawayi a fuska bayan sallar asham ba, kuma ɗan sa-kan da ke gadin gari ba ya tsayawa tambayar wanda ya gani a duhu da rufaffiyar fuska.

A Kano matsalar ta 'yan daba ce. A shekarun baya-bayan nan rundunar 'yan sandan jihar ta sha sanar da dakatar da tashe ta bakin kakakinta, Abdullahi Haruna Kiyawa, bisa hujjar cewa ɓata-gari na fakewa da shi suna ƙwacen waya da faɗan unguwa. Hanin ba ya bambanta ɗan shekara takwas mai gemun auduga da ƙato mai wuƙa a ƙugu. Wani ɓangare na wasan ya koma gidajen rediyo da talabijin da wayoyin hannu, inda babu gidan da ake sallama, babu kuma uwargidan da za ta fito da kwanon gero. Kawunan burtu kuwa, mai son ganinsu yau zai fi saurin samunsu a gidajen tarihi da shagunan dillalan kayan gargajiya na Turai da Amurka, da ɗan kati a gefe an rubuta cewa daga arewacin Najeriya suka fito.