Aji Dubu a Shekara: Yaushe Ake Cewa Aiki Ya Kammala?

A 2001 shugaba Tanja Mamadu ya ƙaddamar da shirinsa na musamman da kuɗin da aka samu daga sassaucin bashi. Alkawarin mai daɗin ji ne: aji dubu da ɗakin shan magani dubu kowace shekara. An kuwa yi gine-gine, ba mai musun wannan. Sai dai abin da hukuma ke ƙirgawa bango ne da kwano, uwa a ƙauyen Mayahi kuma malami take jira da bencin da ɗanta zai zauna. An cike giɓin da malaman kwantaragi, da yawansu ba su ga ƙofar makarantar horon malamai ba.

A watan Fabrairun 2001, mutum 17 masu rubuta manhajar kwamfuta suka taru a Snowbird, jihar Yuta ta Amurka, don sun gaji da irin wannan ciwo: a yanka ranar miƙa aiki shekara biyu gaba, ranar ta zo, mai aiki ya ce ba haka ya nufa ba. Takardar da suka fitar, Agile, ta ce a riƙa miƙa abin da ke aiki kaɗan-kaɗan. Masu bin ta sukan yanka aiki mako biyu-biyu, su nuna wa mai shi, kuma tun farko a yarda da abin da za a kira "an gama".

Mu ma muna da irinsa, ba mu dai ba shi suna ba. Kwamitocin makaranta na COGES, waɗanda aikin JICA ya fara ƙarfafawa a Tawa a 2004 kafin su game ƙasa, haka aka tsara su: iyaye su zauna, su zaɓi abin da ƙarfinsu zai ɗauka, su koma tsakiyar shekara a karanta musu abin da aka yi da abin da ya gagara.

A ganina nan ne ya kamata a faɗi maganar ajin zana ƙarara. Ana buɗe makaranta a Oktoba, amma kara sai an kawar da amfanin gona. Darektan da ya gaya wa iyayen Tasawa tun Satumba cewa 'yan ajin farko sai Nuwamba, manya kuma za su fara a ɗakin siminti, ya fi wanda ya ce komai zai shirya ranar buɗewa. Bayan gobarar Maraɗi ta Nuwamban 2021, wadda ta kashe yara fiye da 20, iyaye na da haƙƙin ƙara tambaya guda: aji nawa ne zai fita daga zana bana, kuma wane wata?