Karatun haɗaka: Ina malaman sakandare suka tsaya?

Karatun haɗaka shi ne tsarin da ke bai wa ɗalibi makaho, ko kurma, ko gurgu damar zama aji ɗaya da tsararrakinsa a makarantar garinsu, maimakon a tura shi makaranta ta musamman.

Tsarin dai ya samu karɓuwa ne a watan Yunin 1994, lokacin da gwamnatoci 92 suka amince da shi a wani taro da hukumar UNESCO ta shirya a birnin Salamanca na ƙasar Sifen.

A Najeriya, dokar hana nuna wa nakasassu bambanci, wadda shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Janairun 2019, ta wajabta wa makarantun gwamnati karɓar irin waɗannan ɗalibai, tare da tanadar aƙalla ƙwararren ma'aikaci guda a kowace makaranta.

Batun nisa

A kudancin jihar Kano, batun ya fi shafar iyaye kai tsaye. Fitacciyar makarantar kurame da makafi ta jihar tana Tudun Maliki ne, a birnin Kano.

Ga yaron da ke Ƙofa a ƙaramar hukumar Bebeji, ko Ƙiru, ko Tudun Wada, zuwa can na nufin rabuwa da gida. Nisan ya ma fi tsanani ga 'yan Doguwa, waɗanda dajin Falgore ke tsakaninsu da birnin.

Saboda haka, sau da yawa sakandaren garin ce kaɗai zaɓin da ya rage, kuma malamin ajin ne zai sa yaron ya ci gaba da zuwa, ko ya koma gida.

Ra'ayin malamai

A 1996, wasu masana biyu na Amurka, Scruggs da Mastropieri, sun tattara sakamakon bincike 28 da aka yi a kan malamai fiye da dubu goma.

Sun gano cewa kusan kashi biyu cikin uku na goyon bayan tsarin. To sai dai waɗanda suka ce suna da isasshen lokaci da horo da kayan aiki ba su wuce kashi ɗaya cikin uku ba.

Wani nazarin na Avramidis da Norwich a 2002 ya nuna cewa ra'ayin malami kan sauya gwargwadon irin nakasar da tsananinta, da kuma taimakon da yake samu.

Dalilin a fili yake. Ɗalibi mai keken guragu na buƙatar hanyar shiga aji da makewayi. Makaho kuwa sai da rubutun Braille, kurma kuma sai da mai fassara.

Akwai kuma wata matsalar ta harshe. Kuramen ƙasar Hausa na da tasu maganar hannu, alhali wadda ake koyarwa a makarantu ta samo asali ne daga Amurka.

Jami'ar Bayero ta Kano na da sashen horar da malaman ilmi na musamman, haka ma kwalejin ilmi ta tarayya da ke Oyo. Ƙalubalen shi ne waɗanda suka kammala su isa makarantun karkara, kuma su zauna.

A watan Yunin 2024 ne gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilmi a jihar. Ga iyayen nakasassu a kudancin Kano, ma'aunin nasarar matakin shi ne ko malamin garinsu zai samu horon da zai iya riƙe 'ya'yansu a aji.