Minawao: Yadda Murhu Ya Cinye Daji, Da Yadda Ake Neman Maido Shi

A watan Yulin 2013 gwamnatin Kamaru da Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNHCR, suka buɗe sansanin Minawao a yankin Mayo-Tsanaga, kusa da garin Mokolo. Waɗanda aka tsugunar a wurin namu ne, mutanen Borno da rikicin Boko Haram ya koro. Da Gwoza ta faɗi a watan Agustan 2014, Bama ta bi baya a Satumba, sai jama'a suka riƙa tsallaka duwatsun Mandara da ƙafa, wasu da goyo, wasu da tsofaffi a kafaɗa. Zuwa 2021 mazauna sansanin sun kai kusan dubu 70.

Idan muna ba da labarin gudun hijira, mukan ƙirga buhunan abinci da tantuna da rijiyoyin burtsatse, mu manta da wuta. Abincin agaji ɗanye yake zuwa. Wake da dawa da shinkafa sai an dafa, kuma duk wadda ta taɓa ɗora wake a kan murhun duwatsu uku ta san irin itacen da yake ci. Kowace safiya dubban murahu suna jiran itace, a ƙasar da damina ke da gajarta, rani kuma ke da tsawo. Da farko busasshen itace aka riƙa tsinta. Da ya ƙare aka koma kan ɗanye, daga baya har kututture ake tonowa.

Wannan ba a Minawao aka fara ganinsa ba. A ƙarshen Afrilun 1994 'yan Ruwanda kusan dubu 250 suka tsallaka gadar Rusumo zuwa Tanzaniya cikin kwana guda, aka kafa sansanin Benaco, dajin da ke kewaye ya riƙa ja da baya. A Goma ta Zayar ta wancan lokaci, gandun dajin Virunga ne ya ɗanɗana kuɗarsa, har UNESCO ta saka shi cikin wuraren tarihi da ke cikin haɗari a shekarar. Bayan wannan ne UNHCR ta fitar da ƙa'idojinta na kula da muhalli a 1996. Ƙa'ida dai ta samu a takarda, amma kuɗin makamashin girki ya daɗe yana zuwa a ƙarshen kasafi.

A Minawao mata da 'yan mata ne suka ɗauki nauyin. Tafiyar neman itace ta zama ta yini guda, da haɗarin cin zarafi a hanya. Wasu gidaje kan sayar da wani ɓangare na abincin agaji don su sayi itacen da za su dafa ragowar. Su kuma mutanen ƙauyukan kewaye, manoma da makiyaya da suka karɓi baƙi, sun wayi gari itatuwan da suke dogaro da su don inuwa da abincin dabbobi suna ɓacewa. Kada mu yi saurin ganin laifin kowa a nan: mai gona yana kare bishiyar da kakansa ya bari, baƙuwa kuma tana da yara da ba su ci ba tun jiya.

Wajen 2018 UNHCR da ƙungiyar Lutheran World Federation suka ƙarfafa aikin dashen itatuwa, da tallafin kuɗi daga Holan. An kafa wurin renon tsirrai, aka horar da 'yan gudun hijira da mutanen gari tare. Dabarar da ta fi jan hankali ta kamfanin Land Life ce: wani mazubi mai siffar zobe da aka yi da tsohon kwali, ana binne shi kewaye da tsiron, a cika shi da ruwa kimanin lita 25. Ruwan yana tsattsafowa a hankali zuwa saiwa har tsiron ya tsallake ranin farko, kwalin kuma ya ruɓe ya zama taki. Zuwa 2021 an dasa tsirrai dubu 360 a fili fiye da hekta 100, cikinsu da darbejiya da zogale.

Sai dai bishiya ba ta tsira a inda tukunya ke jiranta. Shi ya sa, a ganinmu, ɓangaren da ya fi muhimmanci shi ne wanda ba a cika ɗaukar hotonsa ba, wato gawayin da mata ke sarrafawa daga ragowar amfanin gona irin ɓawon gyaɗa da totuwar masara. Ana ƙona su su zama baƙi, a daka, a kwaɓa, a dunƙula, a shanya. Hayaƙinsa bai kai na itace ba, kuma masu yin sa suna samun ɗan abin sayen gishiri da sabulu. A Bangaladash, inda Rohingya fiye da dubu 700 suka kwarara daga Agustan 2017, tuddan Kutupalong sun fara komawa kore ne bayan an soma raba tukwanen gas a 2018.

A watan Maris na 2021 aka fara mayar da waɗanda suka amince zuwa Banki da Bama, ƙarƙashin yarjejeniyar da Najeriya da Kamaru da UNHCR suka sa wa hannu a 2017. Wasu sun tafi sun bar darbejiyar da suka shayar da hannunsu tana yi wa wasu inuwa. Da yawa kuma suna nan, kuma akwai yaran da aka haifa a sansanin da a yanzu sun haura shekara goma, ba su taɓa ganin Gwoza ba.