Lasifikar da Ba Ta da Kogo

Duk wanda ya taɓa jin kiɗan ganga a Bagudo ya san amon da ke dukan ƙirji daga kogon icen yake fitowa, fatar kaɗai ba ta isa ba. Rashin wannan kogo shi ne matsalar shimfiɗaɗɗiyar lasifika tun 1957, lokacin da Peter Walker na kamfanin Quad a Ingila ya fitar da tasa. Maimakon mazurari a cikin akwati, siririyar leda ce ke kaɗawa tsakanin faranti biyu masu huji. Murya da goge suna fita tangaram, amma ganga ba ta da nauyi. Dalili kuwa, iskar da ledar ta tura gaba takan kewaya ta gefe ta cike gurbin baya, sai kaurin amon ya mutu.

A 1969 Jim Winey ya kafa Magnepan a Amurka, ya nemi mafita ta hanyar faɗaɗa allon har ya kai tsayin mutum. Daga baya kamfanin MartinLogan ya ɗora allon a kan akwatin amo mai kauri. Mai irin wannan lasifika a gida ya nisanta ta da bango kimanin mita guda, in nauyin bai ishe shi ba, ya ƙara mata akwatin. Ganga dai sai da kogo.