Ruwa mai nauyi: yadda yake lalata kayan aikin gida a Sakkwato da hanyoyin kariya

Ruwa mai nauyi shi ne ruwan da ya ƙunshi sinadaran kalsiyam da magniziyam fiye da kima. A ido garau yake kamar kowane ruwa, amma sabulu ba ya saurin yin kumfa da shi, kuma idan aka tafasa shi yakan bar farin ɓawo a gindin tukunya. Ya bambanta da ruwan zartsi, wanda gishirinsa ake ji a harshe tun daga kurɓar farko.

Asalin nauyin daga ƙasa yake. Ruwan sama yakan ɗauki iskar kabon yayin da yake ratsa ƙasa, sai ya yi ɗan tsami, ya narkar da dutsen farar ƙasa idan ya bi ta cikinsa. Yankin Sakkwato na zaune a kan irin wannan dutse, wanda masana ilimin ƙasa suka laƙaba wa sunan Kalambaina. Dutsen ne ya sa aka kafa kamfanin siminti a garin Kalambaina, wanda ya fara aiki a 1967, yau kuma yake ƙarƙashin BUA. Rijiyoyi da burtsatsen da suka tsaya a wannan shimfiɗa galibi ruwansu na da nauyi, kuma gidaje da shaguna da dama a birnin daga burtsatse suke cika tankunan da ke ba famfunansu ruwa. Zurfin rijiya na da tasiri, shi ya sa maƙwabta biyu kan sami ruwa iri daban.

Ana auna nauyin ruwa da miligiram a kowace lita. Bisa ma'aunin hukumar binciken ƙasa ta Amurka, ruwan da bai wuce 60 ba mai sauƙi ne, daga 61 zuwa 120 matsakaici, daga 121 zuwa 180 mai nauyi, abin da ya haura 180 kuwa mai nauyi ƙwarai. Ƙa'idar ruwan sha ta Nijeriya ta 2007 ta tsayar da iyaka a 150. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta ɗauki nauyin ruwa a matsayin haɗari ga lafiya ba a matakin da aka saba samu a ruwan sha, amma ta yi nuni da cewa idan ya haura 200 yakan tara ɓawo a bututu. Saboda haka asarar ta fi shafar aljihu.

Zafi ne ke hanzarta ɓarnar. Da zarar ruwa ya ɗumama, musamman sama da digiri 60, sinadarin da ya narke yakan koma dutse ya manne wa ƙarfen da ke ɗumama ruwan. Ɓawon ba ya barin zafi ya ratsa da sauƙi, don haka butar lantarki ko hitar banɗaki takan daɗe kafin ta yi aikinta, ƙarfen kuma ya yi zafi fiye da yadda aka ƙera shi har ya ƙone. Dutsen guga mai tururi ƙofofinsa kan toshe, ya riƙa zubar da farin gari a kan tufafi. Injin wanki yakan buƙaci ƙarin garin sabulu, fararen kaya su dushe, tawul ya yi kaushi. Kan shawa da bakin famfo sukan toshe a hankali har ƙarfin ruwa ya ragu. Batirin inbata da lagireton mota su ma ba su tsira ba: ruwan batir da aka tace ta hanyar tururi kaɗai ya dace a zuba wa batir, domin ruwan famfo na rage masa kwana.

Gwajin farko ba ya buƙatar kuɗi. A zuba ruwan famfo a gora ɗaya, ruwan roba a wata, a ɗiga sabulun wanka daidai wa daida, a girgiza. Wanda ya yi fari-fari ba tare da kumfa sosai ba shi ne mai nauyi. Cikakken adadi kuwa sai a ɗakin gwaji, kuma ya kamata a nemi sakamakon tun lokacin haƙa burtsatse.

Magani mafi araha shi ne tsami. Ana haɗa ruwan khal da ruwa rabi da rabi, ko a matse lemun tsami, a ɗumama a cikin buta, a bari na kimanin awa ɗaya, sannan a ɗauraye sosai. Kan shawa ana kwance shi a jiƙa a haɗin ya kwana. Kankare ɓawo da wuƙa na raunata ƙarfe. Rage zafin hita zuwa digiri 60 na sassauta taruwar ɓawon.

Alif da tacewa da ƙyalle na kawar da laka ne kawai, ba sa taɓa sinadarin da ya narke. Tafasawa na rage wani kaso, ragowar na nan. Otal, gidan wanki ko babban gida da ke son magance matsalar daga tushe na buƙatar na'urar sassauta ruwa mai aiki da gishiri, wadda ake ɗaurawa kafin ruwa ya shiga bututun gida. Tana ƙara wa ruwa ɗan sinadarin sodiyam, don haka masu hawan jini da likita ya taƙaita musu gishiri sukan ware famfo ɗaya da bai bi ta na'urar ba domin sha da girki.